Asabar da Lahadi a Ma'aunin Tarihi: Sharhin Littafin Samuele Bacchiocchi

Sunayen ranakun mako a harshen Hausa aro ne daga Larabci, kuma biyar daga cikinsu ƙidaya ce kurum: Lahadi ita ce ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Juma'a ta samo sunanta daga taruwar jama'a. Asabar kuwa, wadda a wasu sassa ake ce wa Asibit ko Subdu, ta fito ne daga as-sabt, ƴar'uwar kalmar Ibrananci shabbat, wadda tushenta ke nufin dakatawa daga aiki. Ke nan duk wanda ya jero ranakun nan da Hausa ya riga ya faɗi cewa Lahadi ce farkon mako, Asabar kuma ita ce ta bakwai. A cikin Dokoki Goma na littafin Fitowa, sura ta 20, waɗanda Yahudawa da Kiristoci suka yi tarayya a kansu, rana ta bakwai ce aka umarta a tsarkake, a bar aiki a cikinta. To, ƙaƙa aka yi mafi yawan Kiristocin duniya suka wayi gari suna ibadarsu ran Lahadi, har waɗanda suka riƙe Asabar suka zama ƴan tsiraru?

Wannan tambaya ce Samuele Bacchiocchi ya tunkara a littafinsa mai suna From Sabbath to Sunday, wato daga Asabar zuwa Lahadi, wanda aka buga a birnin Roma a shekarar 1977, aka kuma fassara shi zuwa Faransanci da sunan Du sabbat au dimanche. An haifi marubucin a Roma a 1938, ya rasu a Amurka a 2008. Ɗan ɗariƙar Adbantis ne, masu kiyaye rana ta bakwai, amma ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Giregoriyan, wadda ke ƙarƙashin fadar Fafaroma, kuma maɗaba'ar jami'ar ce ta fitar da littafin. Wannan kaɗai ya isa ya ja hankali: mai kare Asabar ya shiga gidan masu Lahadi, ya yi amfani da ɗakin karatunsu, ya fito da kundin da ke cewa babu inda Sabon Alkawari ya umarci a mayar da ranar ibada Lahadi.

Maganar tana da nauyi a rayuwar mutane. Daga cikin masu kiyaye Asabar a Kiristancin Turai na zamani akwai wani reshen ƴan Baftis na Ingila na ƙarni na 17, waɗanda suka kafa ikilisiyarsu ta farko a Amurka a garin Niyufot a 1671. Daga wurinsu, ta hannun wata mata mai suna Rachel Oakes, al'adar ta shiga cikin masu jiran dawowar Almasihu a 1844, waɗanda suka tsara ɗariƙar Adbantis a 1863. Mabiyanta sun haura miliyan 20, kuma kaso mai yawa nasu a Afirka suke. A wurinsu ranar tana kamawa daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwar rana ran Asabar, babu ciniki, babu aikin albashi, babu zaman jarrabawa. A 1963 sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan shari'ar wata ma'aikaciyar masaƙa, Adell Sherbert, wadda aka kora saboda ta ƙi aiki ran Asabar, hukuma kuma ta hana ta kuɗin tallafin marasa aiki. Kotun ta ba ta gaskiya. Malamin makarantar da ya taɓa samun ɗalibin da ya ƙi zuwa aji ran Asabar ya san cewa abin da ke cikin littafin nan ya wuce gardamar masana.

Hujjar Bacchiocchi tana tsaye a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne ikilisiyar farko ta Urushalima, wadda ya ce Yahudawa ne suka cika ta, suna zuwa Haikali, suna bin Attaura, don haka ba daga can canjin zai taso ba. Na biyu shi ne ƙiyayyar da daular Rum ta nuna wa Yahudawa bayan tawayensu. A shekara ta 70 aka rushe Haikali, sarki Basbasiyan ya aza wa kowane Bayahude haraji na musamman. Daga 132 zuwa 135 aka yi tawayen Bar Kokba, wanda sarki Hadiriyan ya murƙushe, ya hana Yahudawa shiga Urushalima, ya tsananta wa addininsu. A ganin marubucin, Kiristocin birnin Roma, waɗanda akasarinsu ba Yahudawa ba ne, sun nemi hanyar da hukuma za ta bambanta su da mutanen da take farauta, sai suka mayar da Asabar ranar azumi da ɓacin rai, suka ɗaukaka Lahadi. Na uku shi ne bautar rana, wadda ya ce ta yaɗu a daular a wancan zamani, har ta sa ranar da aka laƙaba wa sunanta ta fi sauran daraja, ta zama zaɓi mai sauƙi ga sababbin tubabbu.

Akwai abin yabo da yawa a aikin. Babba daga ciki shi ne yadda ya rushe wani zance da ya daɗe yana yawo a bakin masu wa'azin ɗariƙarsa, cewa sarki Kustantin ne ya canja ranar. Gaskiya ne Kustantin ya kafa doka a 321 cewa alƙalai da mazauna birane da masu sana'a su huta ran Lahadi, ya kuma yafe wa manoma saboda shuka ba ta jiran kowa. Amma Yustin Shahidi, wanda ya yi rubutu a Roma wajen shekara ta 150, ya riga ya bayyana dalla-dalla yadda Kiristoci ke taruwa a ranar da ake kira ta rana, a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, a yi addu'a, a ci jibin Ubangiji, a tara taimako don marayu da gwauraye. Tsakanin Yustin da dokar Kustantin akwai shekara kusan 170. Bacchiocchi ya karɓi wannan shaida duk da cewa ba ta yi wa wasu ƴan gidansu daɗi ba, kuma marubucin da ya iya ɓata wa nasa rai saboda hujja ya cancanci a saurare shi. Haka nan babin da ya tattara kalaman ƙyamar Yahudawa daga rubuce-rubucen malaman ikilisiya na farko yana da ɗaci, amma gaskiya ce da masu tarihi ba su musanta ba.

Inda ya fara tangal-tangal shi ne wajen ayoyi ukun da masu Lahadi suka fi dogara da su. Ayyukan Manzanni, sura ta 20, ta ambaci taron gutsura gurasa a garin Taruwasa a ranar farko ta mako. Marubucin ya ce taron bankwana ne na musamman saboda Bulus zai tashi. Wasiƙar farko zuwa ga Korantiyawa, sura ta 16, ta ce a riƙa ware sadaka a ranar farko ta kowane mako. Ya ce a gida kowa ke warewa, ba a wurin taro ba. Wahayin Yahaya, sura ta 1, ya ambaci ranar Ubangiji. Ya ce ranar shari'a ta ƙarshe ake nufi. Kowace amsa, in an ɗauke ta ita kaɗai, tana iya tsayawa. Sai dai mai karatu zai lura cewa duk inda nassi ya yi harshen damo, hukuncin marubucin yana faɗawa ne gefe guda, kuma ko yaushe gefen da ya riga ya tsaya ne. Alƙalin da duk shari'ar da ta zo gabansa danginsa ke ci, ko da bai yi zalunci a kowace ɗaya ba, dole a fara duban ma'auninsa.

Rauni mafi girma yana wajen matsayin da ya ba Roma. A 1982 wasu masana suka fitar da littafin martani mai suna From Sabbath to Lord's Day, wanda D. A. Carson ya tace, kuma a cikinsa Richard Bauckham ya ɗora yatsa a kan gyambon. In da bishop na Roma ne ya ƙirƙiro Lahadi a ƙarni na 2 ya watsa ta duniya, ina ƙurar rigimar da hakan zai tayar? Tambayar tana da ƙarfi domin an san abin da ya faru sa'ad da Roma ta gwada irin wannan iko. Wajen shekara ta 190 bishop Biktor ya nemi tilasta wa ikilisiyoyin Asiya Ƙarama su daina yin idin Ƙetarewa ranar 14 ga watan Nisan na Yahudawa. Bishop Polikiratis na Afisa ya ƙi, Biktor ya yi yunƙurin yanke zumunci da su, Ireniyus na Liyon ya rubuto masa yana jan kunnensa. Idin shekara-shekara ke nan ya haifar da wannan tarzoma, kuma labarinta ya iso ga masu tarihi da sunaye da wasiƙu. Ƙaƙa canjin ranar ibada ta kowane mako zai ratsa daga Siriya zuwa Masar shiru, ba wanda ya ɗaga murya?

Bugu da ƙari, shaidun da suka riga Yustin ba daga Roma suka fito ba. Ignatiyus, wanda ya yi rubutu wajen 110, mutumin Antakiya ne. Wasiƙar da ake dangantawa da Barnaba, mai zancen murnar rana ta takwas, masana sun fi karkata ga cewa daga gabas take. Yusibiyus mai tarihin ikilisiya ya ba da labarin wani rukunin Ebiyonawa, wato Yahudawan da suka bi Almasihu suka kuma riƙe Attaura, cewa suna kiyaye Asabar, suna kuma taruwa ran Lahadi don tunawa da tashinsa. Waɗannan mutane ba su ga ikilisiyar al'ummai da gashi ba, balle su ari al'ada daga Roma. Azumin Asabar na Roma kuwa tabbas ne, amma shaidunsa masu ƙarfi na baya ne: wasiƙar Fafaroma Inosan na ɗaya ta shekarar 416, da labarin Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, wanda mahaifiyarsa Monika ta rikice da ta tarar mutanen Milan ba sa azumin da ta saba. Milan tana cikin Italiya, amma ba ta bi Roma ba. Ɗaukar irin wannan shaida a mayar da ita baya shekara ɗari biyu ko uku aiki ne mai haɗari. Batun bautar rana ma haka yake: sarki Oreliyan ya ɗaukaka ta a hukumance a 274, fiye da ƙarni guda bayan Yustin, kuma shaidar cewa arnan Rum suna wani taron ibada na mako-mako ran Lahadi a ƙarni na 2 ba ta taka kara ta karya ba.

Amma kuskuren da ya fi zurfi yana cikin sunan littafin kansa. Kalmomin daga da zuwa suna zana hoton kaya da aka sauke daga kan jaki aka aza wa wani, kamar dai hutun Asabar ne aka kwashe aka zuba wa Lahadi. Kafin 321 Lahadi ranar aiki ce ga kowa. Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tirajan wajen 112 cewa Kiristoci na taruwa a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye, sa'annan su watse. Bawa da ɗan ƙodago ba su da wani lokaci in ba wannan ba. Lahadi ta fara ne a matsayin ranar taro, Asabar kuma ranar hutu ce, kuma abu biyu masu aiki daban suna iya zama tare. Sun kuwa zauna. Majalisar Lawudikiya ta ƙarni na 4, wadda masu kare Asabar ke yawan ambata saboda dokarta ta 29 ta hana Kirista zaman hutu ran Asabar, ita ce kuma a dokarta ta 16 ta umarci a karanta Linjila a taron ranar. Sokiratis mai tarihin ikilisiya, a ƙarni na 5, ya ce kusan ikilisiyoyin duniya duka suna jibin Ubangiji ran Asabar, in ban da na Roma da Iskandariya. Wani kundin dokoki da aka harhaɗa a Siriya a ƙarshen ƙarni na 4 da sunan manzanni ya ce bayi su yi aiki kwana biyar, su huta Asabar da Lahadi, ɗaya don tunawa da halitta, ɗaya don tunawa da tashin Almasihu. Bacchiocchi ya san shaidun nan, amma ya karanta su a matsayin ragowar abin da ke mutuwa. Ana iya karanta su a matsayin tsari mai zaman kansa, wanda bai ga dalilin zaɓar ɗaya ya yar da ɗaya ba.

Ƙasar da ta nuna haka a sarari ita ce Habasha, kuma abin lura ne cewa marubucin ya koyar a can shekara biyar kafin ya koma Roma karatu. Ba za a zarge shi da barin ta ba, tunda bincikensa ya tsaya ne a ƙarnonin farko, amma labarinta gwaji ne mai kyau ga ra'ayinsa. Kiristanci ya zama addinin fadar Aksum a ƙarni na 4, zamanin sarki Ezana, kuma daga lokacin har tsakiyar ƙarni na 20 daga Kibɗawan Iskandariya ake aiko wa Habasha babban bishop. Iskandariya kuwa ba ta yarda da hutun Asabar ba. A farkon ƙarni na 14 wani malamin ruhubanawa mai suna Ewostatewos ya tsaya a kan cewa ranakun biyu duka tsarkaka ne, yana kafa hujja da Dokoki Goma da kuma waɗancan dokokin da ake dangantawa da manzanni, waɗanda aka fassara zuwa harshen Gi'iz. Aka matsa masa har ya bar ƙasar wajen 1337, ya bi ta Masar da Urushalima da Kubrus, ya rasu a Armeniya a 1352. Almajiransa suka dawo suka kafa gidajen ibada a arewa, ciki har da Dabra Bizan a Eritiriya ta yau, suka yi shekaru ana ƙin naɗa su firistoci. Sai a 1450 sarki Zara Yakob ya tara majalisa a Dabra Mitmak, inda bishop biyu ƴan Masar, Mika'el da Gabra'el, suka amince a kiyaye ranakun biyu.

A nan ga babbar cibiya mai iko, ga umarninta, ga kuma jama'ar da ta ƙi, har cibiyar ta sauko. Haka aka sake yi da Turawa. Sa'ad da ƴan Jezuwit na Fotugal suka zargi Habashawa da Yahudanci, sarki Galawdewos ya mayar da martani a 1555 cewa suna girmama Asabar da jibin Ubangiji da ciyar da jama'a bisa koyarwar manzanni, ba irin kiyayewar Yahudawa ba, kuma Lahadi ce babba a wurinsu. Sarki Susinyos, wanda ya bayyana shigarsa Katolika a 1622, ya hana hutun Asabar, ƙasa ta ɗauki wuta da tawaye, har a 1632 ya janye ya bar wa ɗansa Fasiladas mulki, shi kuma ya kori ƴan mishan. Duk inda aka yi yunƙurin kawar da rana mai tsarki da ƙarfin sarauta, tarihi ya ji ƙarar abin. Shirun ƙarni na 2 shi ne abin da littafin bai iya bayyanawa ba.

Ta fuskar rubutu, littafin yana da sauƙin bi fiye da yawancin kundayen jami'a. Kowane babi yana buɗewa da tambaya, yana rufewa da taƙaitawa, kuma bayanan ƙasan shafi suna kai mai bincike ga tushe, har da tushen da ke karya hujjar marubucin. Babin ƙarshe ne kawai ya tuɓe rigar masanin tarihi ya sa ta mai wa'azi. Malamin da zai yi amfani da shi a aji zai fi cin riba in ya ajiye na Carson kusa da shi, yana sane da cewa su ma waɗancan masana suna da tasu ikilisiya da tasu rana.

Akwai wani reshen muhawarar da ya karkato Afirka ta Yamma, kuma yana bukatar irin wannan taka-tsantsan. A 1993 Kofi Owusu-Mensa ya fitar da Saturday God and Adventism in Ghana, a 1999 kuma Charles Bradford ya fitar da Sabbath Roots, wanda ke kallon Afirka a matsayin nahiyar da ta adana Asabar. Madogararsu a Gana ita ce al'adar Akan ta ba kowane mutum sunan ranar haihuwarsa, inda namijin da aka haifa ran Asabar yake Kwame, kuma suna kiran Ubangiji Maɗaukaki da Onyankopon Kwame, Bature kuma Kwasi Broni, mutumin Lahadi. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa wa'azin Adbantis ya sami kunnen saurare a ƙasar Asante. Sai dai in an miƙa hujjar har ta zama cewa Akan sun gaji dokar Dutsen Sina'i, igiyar ta tsinke. Ranar da manomin Asante ke barin gona bisa al'ada Alhamis ce, ranar Asase Yaa, uwar ƙasa. Masuntan bakin teku Talata suke barin kamun kifi. Babban bikin Akwasidae, wanda sarkin Asante ke zama dominsa a Kumasi, ran Lahadi yake faɗawa. Sanya wa yaro sunan rana kuwa abu ne da Hausawan zangon Kumasi suka zo da irinsa daga gida: akwai Ladi da Ɗanladi, akwai Talatu da Balarabe, akwai Asabe da Ɗan'asabe, kuma ran Asabar ɗin ana samun su a kasuwa da gona kamar kowa.